Rasuwar Dattijo, Wanda Ba Ya Goge Suna Sai Ya Tambaya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kallon baƙin allo, ni ma'aikaciyar rajista ta sashen ajiyar jini, a madadin kaina da kujerata da duk wanda ya taɓa leƙo ofishin ƙarƙashin bene yana neman lambar wayar wani, nake sanar da rasuwar abokin aikina, manhajar duba rajistar masu ba da jini, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Laraba da misalin ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, yana da shekara goma sha huɗu a bakin aiki, bayan doguwar jinya da gajeriyar kulawar Injiniya, mai duba kwamfutocin asibitinmu.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, sunayen mutanen da ke ba mu jini, su dubu goma sha ɗaya da 'yan kai, ba a ofishina suke zaune ba. Suna can cikin babbar na'urar da ke ɗakin sanyi a hawa na biyu, ɗakin da mabuɗinsa ke aljihun Injiniya, ni kuwa ban taɓa wuce bakin ƙofarsa ba. Rumbun bayanai ake ce wa wurin. Dattijo shi ne tagar da nake leƙa rumbun ta cikinta. In na buɗe shi da safe sai ya shimfiɗa mini mutanen nan a jadawali, kowa da layinsa: suna, rukunin jini, lambar waya, sau nawa ya bayar, ranar da ya bayar na ƙarshe, sai wani ɗan gida a ƙarshen layi inda nake rubuta abin da ya sawwaƙa. In lambar mutum ta canja, in danna gidan in gyara. Iyakar aikinsa ke nan, bai kuma taɓa riya cewa ya iya wani abu bayan wannan ba.

Duk wanda ya san ofishina ya san ba shi da taga. Bango ne uku da ƙofa, samansa matattakalar bene ce, yini nake ana taka kaina, gefe guda kuma firjin ajiye jini suna ta gunjinsu ta bayan bango. Ko hadari ya haɗu ko rana ta buɗe, sai dai in ji a bakin masu shigowa. Shekara goma sha huɗu ina zaune a wannan ramin ban taɓa jin an kulle ni ba, sai wannan makon.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne, a faɗi gaskiya ko a gaban gawa. Fuskarsa toka-toka, rubutunsa ƙanana, shi ya sa mini tabarau tun ban kai shekarun sa shi ba. Rashin sauri kuwa, kada ku so ku gani. In aka tashe shi da safe sai ya yi gurnani, girrr, girrr, tak, ya sake komawa girrr, har in dafa ruwan shayi in dawo bai gama miƙa ba. Wannan ne ya sa Sista mai ɗibar jini ta laƙaba masa Dattijo, ta ce duk wanda ba a gaggauta shi, ba ya kuma karɓar sabon abu, ai ya cancanci sunan. Amma bai taɓa yi mini ƙarya ba. Bai taɓa ɓatar da suna ɗaya ba, bai taɓa tare ni da talla ba, bai taɓa tsayar da ni ina tsakiyar aiki ya ce sai an sabunta shi ba.

Cikin kyawawan halayensa akwai yarda a shafa wa layi launi. Ni kuma na samu abin wasa. Rawaya ta masu suma da sun ga allura ce, don Sista ta tanadi gado. Kore na 'yan albarka ne, waɗanda ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya in ka kira su za su zo. Shuɗi na waɗanda matansu ke ɗaukar waya su ce ba ya nan, alhali kana jin tarinsa a bayanta. Da kallo ɗaya nake sanin da wa nake magana.

Amma babban halinsa, wanda saboda shi nake wannan rubutu, shi ne bai taɓa goge layin mutum bai tambaya ba. In na danna gogewa sai ya ce ting!, ya fito da wani ɗan akwati a tsakiyar allo. Da Turancinsa yake tambayar, amma ni da Hausa nake jin ta: Kin tabbata? A ƙasa ga E, ga A'a. Kuma zai tsaya nan yana jira ko da za a kai la'asar, ba ya ƙosawa.

A nan ne zan faɗi abin da na ɓoye, tunda wanda ya rufa mini asiri ya riga mu gidan gaskiya. Dokar sashenmu ita ce duk mai ba da jinin da ya rasu a goge layinsa. Shekarata ta biyu a aiki wani mutum ya zo ya ce mahaifinsa, wani malamin makaranta da ya ba mu jini sau talatin da ɗaya, Allah Ya yi masa rasuwa. Na yi masa ta'aziyya, ya fita, na nemo layin, na danna gogewa. Ting! Kin tabbata? Wallahi sai na ji ban tabbata ba. Mutum ya miƙa hannunsa sau talatin da ɗaya an huda, ni kuma in share shi da yatsa ɗaya ina kurɓar shayi? Na danna A'a. Na shafa wa layin ruwan toka, na wuce. Tun daga ranar ban goge mamaci ko ɗaya ba. Da yake ni ce mai kiran mutane a waya in jini ya yi ƙaranci, in na zo kan ruwan toka sai in tsallake, babu wanda ya sani, babu wanda aka cutar. Zuwa ranar Laraba, su ɗari biyu da goma sha uku ne.

Na ɗari da huɗu a cikinsu ƙanena ne, Autan Innarmu.

Ni na jawo shi ya fara bayarwa, da zolaya, na ce duk tsawon nan nasa ba shi da amfani in ba zai iya cika leda ɗaya ba. Ya zo don ya kunyata ni, ya zarce. Sau goma sha tara ya bayar. A ɗan gidan nan na ƙarshen layinsa na rubuta, tun yana raye, "A ba shi lemo biyu, ɗaya ba ya isar sa, acici ne." Ya gani a allo ya ce zai kai ƙarata wurin Inna. Kwana goma sha ɗaya bayan bayarwarsa ta ƙarshe mota ta kaɗe shi a hanyar dawowa daga aiki, yau shekara shida ke nan. Wayarsa ta fita ba ko ƙwarzane. Inna ta karɓe ta, har yau tana hannunta da sim ɗinsa a ciki, kullum sai ta yi mata caji, wai ko wani abokinsa da bai ji ba zai kira. A ƙugunta take soke ta. Lambar wayar nan ita ce a layinsa na rajista, mai lamba dubu uku da ɗari huɗu da goma sha takwas.

Sau nawa na yi niyyar goge shi, Allah kaɗai Ya sani. In ce yau dai zan yi abin da doka ta ce, in nemo layin, in danna. Ting! Kin tabbata? In danna A'a, in ci gaba da aikina da sauƙin zuciya. Ya zame mini kamar gaisuwar safe. Ina da hotunansa a gida, amma a hoto shi kaɗai ne. A rajista kuwa yana nan zaune tsakanin wani tela da wani direba, cikin mutane, kamar mai jiran a kira sunansa.

Rashin lafiyar marigayin ta fara ne bara. Sai ya riƙa sandarewa a tsakiyar aiki, ɗan kibiyar nan ta koma zobe tana ta juyawa. Na kai kuka wurin Injiniya, mutumin kirki ne, mai furfura, ba ya ɗaga murya, sai dai in yana bayani kamar da bango yake yi. Ya duba ya ce wanda ya ƙirƙiro Dattijo ya daɗe da barin sana'ar, ko shafinsa na intanet yanzu takalma ake sayarwa a kai. Magani babu, sai lallaɓawa. Muka yi ta lallaɓawa har aka kawo sabon tsari na asibiti gaba ɗaya, aka ce kowace kwamfuta sai an wanke ta tas an zuba mata sabon ciki.

Ranar Laraba Injiniya ya shigo da jakarsa. Kafin ya taɓa komai, hakkinsa ne in faɗa, ya tambaye ni ko akwai wani abu nawa a cikin kwamfutar da nake so a kwashe. Na ce babu, ai komai yana rumbu. Na faɗa da gadara ma, irin ta wadda ta shekara goma sha huɗu tana aiki da abu. Minti arba'in ya gama. Ya gwada mayar da Dattijo daga tsohon faifansa, marigayin ya yi girrr sau ɗaya, bai kai ga tak ba, ya rufe ido. Aka sake, ko girrr ɗin bai yi ba.

Sai da Injiniya ya buɗe mini rajistar a tasa kwamfutar, don ya kwantar mini da hankali cewa ba a rasa kowa ba, na ga abin da na yi. Sunaye duk suna nan, dubu goma sha ɗaya, farare fat. Na ce ina launukan? Ya ce waɗanne launuka? Ashe launi ba a rumbu yake ba. Dattijo ne ke riƙe da shi a cikinsa, a wani ɗan fayil cikin kwamfutar da aka wanke. Rayayyu da matattu sun koma jere ɗaya, babu abin da ya raba su.

Da a ce ni ce har yanzu mai kira, da da sauƙi. To sabon tsarin shi ke kira da kansa. Ranar Litinin da ƙarfe goma na safe zai tura saƙon tes ga kowace lamba da ke rajista, daga nan kuma duk bayan wata uku. Na ga rubutun, Shugabar sashe ce ta tsara shi da hannunta. Zai fara da sunan mutum na yanka, sannan ya ce: "Mun yi kewarka. Mun daɗe ba mu gan ka ba. Muna jiran ka." Inna ba ta da saurin karatu, da yatsa take bi, amma sunan Auta ko a juye aka rubuta shi za ta gane. Tana kuma fama da hawan jini.

Na hau bene wurin Shugaba na faɗa mata komai, na shirya shan faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ja ni har gaban firji ta buɗe, ta nuna mini ledoji shida a inda ya kamata a ga sittin. Ta ce saƙon Litinin ba zai ɗaga ko da awa ɗaya ba, akwai masu haihuwa a sama. Ta ce in je in goge duk wanda na san ya rasu, kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Gaskiyarta ce.

To da me zan goge? Taga ta mutu. Injiniya ya ce kafin a samo wata manhajar, ga baƙin allo, inda ake rubuta wa rumbu umarni kai tsaye. Ya rubuta mini jimlar a takarda. Ya ja layi biyu a ƙarƙashin rabinta na ƙarshe, ya ce in na manta wannan rabin na danna, to duk mutum dubu goma sha ɗayan nan sun tafi. Na zauna gaban baƙin allon nan tun bayan azahar har aka tashi aiki, hannuwana a cinya, wani ɗan farin ɗigo yana ta ƙyafta mini ido. Ko harafi ɗaya ban rubuta ba.

Alhamis da Juma'a muka yi su a neman magaji. Ta farko da muka sauko da ita ta ce sai da kalmar sirrin kamfanin da ya kawo sabon tsari, kamfanin kuma ya ce zai amsa cikin kwanakin aiki biyar. Ta biyu ta nuna mini mutanena sarai, amma ba ta yarda a taɓa ba, sai kallo kamar jariri a bayan gilashi. Ta uku maɓallanta sun fi na gaban babbar mota yawa, na yi rabin awa ina neman inda sunaye suke, na tarar da kaina a wani wuri mai zanen akwatuna da kibiyoyi. Ta huɗu ta yi ƙoƙarin ɗauko dubu goma sha ɗayan a lokaci guda, kwamfutar ta suma, Sista ta leƙo ta ce ko a kawo mata lemo. Ta biyar ce ta zauna. Fara ce sol, mai sauri, kafin ka ƙyafta ido ta buɗe. Launi dai ba ta san shi ba. Injiniya yana ta murna, ya ce wannan ba ta ɓata wa mutum lokaci. Ya sa na ƙirƙiri layin gwaji, ya ce in goge in gani. Yatsana bai gama sauka ba layin ya ɓace. Na jira ting. Na ce ba ta tambaya? Ya ce ai abin da ya sa ake son ta ke nan.

Kada wani ya ce ban nemi hanyar kauce wa abin ba. Na share lambar wayar daga layin Auta, tsarin ya ce ba ya karɓar mutum marar lamba, ya mayar da ita. Na sa tawa lambar, ya ce lamba ɗaya ba ta mutum biyu, ni ma ina cikin rajista. Na yi tunanin ƙirƙiro lambar ƙarya, sai na tuna kowace lambar ƙarya wayar wani bawan Allah ce, kuma bincike na zuwa. Na roƙi a ƙara gida ɗaya a jadawali, inda za a nuna wanda ya rasu, aka ce wannan sai kamfani. Na je gida jiya da yamma na ce wa Inna ta ba ni wayar in kai a duba mata batir ranar Litinin. Ta dafe ƙugunta ta ce batirin lafiyarsa lau, ni dai in duba nawa. Ko da ta ba ni ma, bayan wata uku fa? Duk inda na juya bango ne.

Yau Asabar na zo ofis ni kaɗai tun da safe, na zauna da takarda da biro ina tuno matattu da ka. Malamin makarantar nan, da mai gyaran agogo, da matar da take zuwa da 'yan biyunta, da ɗan dambe mai tsoron allura. Ɗari da sittin da takwas na iya tunowa. Na goge ɗari da sittin da bakwai, ɗaya bayan ɗaya, sabuwar ba ta ce mini uffan ba. Saura arba'in da biyar da kaina ya ƙi kawo su, suna nan a cikin fararen layuka, na bi jerin sau uku ban gane su ba. Wannan laifina ne, ba na Injiniya ba, ba na marigayi ba. Ina jin kunya, ina kuma jin tsoro, ban san wanne ya fi yawa ba.

Marigayin ya rasu ya bar linzamin kwamfuta ɗaya mai ɗaurin salatif a wuya, da madannai waɗanda harafin A ya goge a jikinsu, da abokin gabarsa firinta, wanda ba su taɓa shiri ba amma tun Laraba bai ci takarda ko ɗaya ba, da alama jikinsa ya yi sanyi. Ya bar tsohon faifan da aka haife shi a ciki, wanda na daɗe ina ɗora kofin shayi a kai, Allah Ya yafe mini. Ya bar ni.

Za a yi jana'izarsa ranar Litinin da ƙarfe tara na safe a ofishin ƙarƙashin bene. Ba za a yi masa wanka ba, shi da ruwa ba sa ga maciji. Za a naɗe faifan a cikin ambulan a sa shi a aljihun tebur na ƙasa, Injiniya ne zai ja gaba, an kuma roƙe shi kada ya yi jawabi. Wuri ba zai ɗauki fiye da mutum uku ba, sauran su tsaya a matattakala, su rage taku.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa daga ƙarfe goma zuwa tashi aiki, da kuma duk ranar da ta biyo baya. Iyalai arba'in da biyar da wayarsu za ta yi ƙara a wannan lokaci, ana kiran wanda suka binne ana cewa an yi kewarsa, ina roƙonsu gafara tun yanzu. Kada su huce a kan Sista ko mai gadi. Su sauko ƙarƙashin bene, ƙofa ta biyu a hagu, su faɗa mini duk abin da ya zo bakinsu, sannan su faɗa mini sunan.

Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa ba shi kaɗai za a rufe ba. Da ƙarfe tara da rabi, bayan an watse, za a sa layi na dubu uku da ɗari huɗu da goma sha takwas tare da shi. Na riga na kwafe shi a takarda, har da maganar lemon. Ba a buƙatar kowa a wannan ɓangaren, sai dai in akwai mai hali, ya tsaya a bakin ƙofa, in ya ga na ɗaga yatsa ya tambaye ni ko na tabbata. Zan ce a'a, sannan in danna.